Shinkafar Kyanwa

Na sayi littafin a kasuwar Beringharjo,
mai koren bango, rupiya dubu bakwai.
Na ce manyan abubuwa zan zuba a ciki:
dutsen Merapi da hayaƙinsa,
rasuwar kakata, ƙasa da inda ta dosa.
Shafin farko ya kwana uku fari fat,
kamar farantin da aka wanke
ba a ci komai a cikinsa ba.

A dare na huɗu na rubuta:
"Yau indomi, babu ƙwai."
Na dube shi, ya dube ni.
Kunya ta kama ni, amma ban goge ba.

Tun daga nan alƙalamina ya bi cikina
kamar akuya mai bin mai dusa.

A bakin layinmu akwai amalanken Pak Sarjiman,
fitila ɗaya, benci biyu, butoci uku a kan gawayi.
Shinkafarsa a ƙulle take cikin ganyen ayaba,
loma uku, ɗan kifi kamar yatsa, yaji a gefe.
Shinkafar kyanwa ake ce mata,
don kyanwa ce kaɗai za ta ci ta ce alhamdulillahi.
Farkon wata ƙulli huɗu nake kwancewa,
har da ƙafar kaza, har da tsiren hanji,
ina zaune ina kaɗa ƙafa kamar 'yar mai gari.
Ranar ashirin da biyar, ƙulli ɗaya,
da shayi mai sukari da nake ja a hankali
har ya huce, har ya ƙara mini ruwan zafi
ba tare da ya ɗago kai ba.

Shi ma marubuci ne, sai daga baya na gane.
Yana da littafi a ƙarƙashin tiren soye-soye,
mai ya ɓata gefensa.
Ba ya jiran ilhama, ba ya cizon alƙalami.
"Wening mai tabarau, biyu, Talata."
"Wening mai tabarau, ɗaya da shayi."
Ina cikin littafinsa sau goma sha ɗaya,
ko sau ɗaya bai yi mini ƙarya ba.

Laksita, wadda muke raba ɗaki da tukunya,
ta karanta nawa ina wanka.
Na fito da kumfa a kunne, na same ta a shafi na tara.
Ban ce komai ba, zuciyata na dukan uku-uku,
ina jiran ta ce ya yi kyau.
Ta ce: "Ƙwan nan da kika ce kin tsinta a firji,
nawa ne."
Mai karatuna na farko ke nan,
kuma tana bi na bashi.

Da daddare Inna ta kira daga Wonosobo,
ina jin ruwan sama a kan kwanon gidanmu.
"Kin ci abinci?"
"Na ci."
"Me kika ci?"
Na lissafa mata miya da nama da ganye,
abincin da na gani a tiren wata a jami'a.
Ta yi shiru irin na wadda ta haife ni.
Jibi sai ga kwali a motar safe:
soyayyen tempe da gyaɗa cikin gwangwanin biskit,
murfin a naɗe da tsohon kallabinta.

Na zauna zan rubuta wannan.
Na fara da "Uwa ita ce", na tsaya,
na soke shi, ya yi mini kama da jawabin taro.
Na rubuta: "Gyaɗar ta ɗan ƙone a gefe ɗaya.
Idonta ya fara rauni."

Merapi na nan, ban kai gare shi ba tukuna.
Saura shafi arba'in da biyu,
saura kwana shida a turo kuɗi,
Laksita na ta zagaya gwangwanin
tana tambaya ko yau ma zan yi rubutu.